Wa Ya Faɗa Maka? Aikin Masanin Tarihi Daga Berlin Zuwa Ƙasar Rano

Ranar 2 ga Fabrairun 1851 wani Bature ya shigo Kano ta hanyar Katsina, bashi ya yi masa katutu, kuma bai daɗe da sauka ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Abdulkarim yake kiran kansa. Sunansa na gida Heinrich Barth, mutumin Hamburg ta ƙasar Jamus, saura mako biyu ya cika shekara 30. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, ta haɗa shi da James Richardson da Adolf Overweg, su ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, su kuma gano hanyoyi. Amma shi ba falke ba ne, ba soja ba ne, ba ɗan mishan ba ne. Malamin jami'a ne wanda ya karanta tarihi da labarin ƙasa.

Mako biyar ya yi a Kano a wannan zuwan, ya sake yada zango a 1854. Duk da haka, har yau da wuya ka buɗe kundin digiri a kan Kano ta zamanin Sarki Usman ɗan Dabo ka rasa sunansa a ƙasan shafi. Mai hankali zai tambaya, don me za a saurari baƙon da ya yi mako biyar, wasu kwanakin ma a kwance, a kan garin da ya shekara ɗaruruwa? Amsar tana cikin sana'ar da ya koyo, kuma ita ce dai ake koyarwa yau a Bayero da Zariya da Sakkwato.

Barth ya shiga Jami'ar Berlin a 1839, daidai lokacin da Jamusawa ke mayar da tarihi wani fanni mai ƙa'idoji da jarrabawa. Babban malaminsa August Boeckh ya yi suna ne da wani littafi na 1817 a kan tattalin arzikin tsohuwar Atina ta Girka, inda ya bi rubuce-rubucen da aka sassaƙa a jikin duwatsu yana fitar da farashin hatsi da ladan ƙwadago da kuɗin haraji. Wani malaminsa, Carl Ritter, shi ke koyar da yadda ƙasa da ruwa da hanyoyi ke juya rayuwar mutane. A jami'ar kuma akwai Leopold von Ranke, wanda ya shahara da tara ɗalibai kaɗan a zaune, a shimfiɗa tsohuwar takarda a gabansu, a yi ta yi mata tambayoyi. Wa ya rubuta ta? Yaushe? Da idonsa ya gani, ko ji ya yi? Idan ji ya yi, daga bakin wa? Me zai samu idan aka yarda da maganarsa?

Aikin bai da bambanci da na alƙali. Shi ma ba ya wurin da aka yi rigimar, shaidu ne kawai a gabansa, wani ɗan'uwan mai ƙara ne, wani ya tsufa yana mantuwa, wani kuma ji ya yi a kasuwa. Alƙalin kirki ba ya korarsu duka, ba ya kuma haɗiye maganar kowa. Yana auna kowane da gwargwadonsa. Wanda ya yi karatun hadisi a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malaman isnadi sun riga Ranke da shekaru kusan dubu wajen bin diddigin masu ruwaya. Abin da Jamusawa suka ƙara shi ne sun ɗora ƙa'idar a kan kowace irin takarda, har da rasit da wasiƙar bashi, suka kuma mai da ita hanyar cin abinci mai matakai.

Matakan kuwa masu tsauri ne. Barth ya sami digirin dakta a 1844 da kundi a kan kasuwancin tsohon birnin Korinti. A tsarin Jamus wannan bai isa a kira mutum farfesa ba. Sai ya sake wani babban aikin bincike, sannan a ba shi izinin koyarwa ba tare da albashi ba, abin da ɗalibai suka biya shi ne rabonsa, ya yi ta jira har wata jami'a ta kira shi ta ba shi kujera. Daga 1845 zuwa 1847 Barth ya zagaya gaɓar Bahar Rum yana duba kufai, ya ƙware a Larabci, 'yan fashi suka tare shi kusa da iyakar Masar suka ji masa rauni suka kwashe yawancin takardunsa. Ya koma Berlin ya sami izinin koyarwa a 1848, da ya fara kuwa ɗalibai ba su zo ba. Mutum ne mai tarin sani amma maras iya jan hankalin aji. Da labarin tafiyar Richardson ya zo, babu abin da zai riƙe shi.

Duba abin da ya yi a Kano za ka ga hannun Boeckh. Wanda ya rubuta kundi a kan kasuwar Korinti, da ya shiga Kurmi sai ya kama lissafi. Ya hau doki ya zaga unguwanni, ya hau Dala ya zana birnin, ya zauna da fatake da Larabawan Gadamas yana tambayar nawa ake saye, nawa ake sayarwa. Ya kimanta mazauna birnin da 30,000, ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari ke sauka, sukan kai 60,000. Ya kimanta tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar da wuri miliyan 300 a shekara. A canjin lokacin wuri 2,500 ne riyal ɗaya, ke nan riyal 120,000. Ya ce bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara ba za su haura 5,000 ba. Ba ƙidaya ya yi gida gida ba, kintace ne, kuma ya faɗa da bakinsa cewa kintace ne. Darajarsa ke nan. Da ya isa Tambutu a 1853 ya tarar da rinin Kano a kasuwar can, abin da ya ji a Kurmi ya tabbata da gani.

To, sai mu gangaro kudu. Barth bai taɓa taka ƙasar Rano ba. Ta Bichi ya shigo Kano, ta Gezawa da Gumel ya fita zuwa Kukawa. Amma ya rubuta a kan Rano, ya ce gari ne da ya ja baya a zamaninsa ko da yake har lokacin babba ne, kuma a da cibiyar ƙasa ce mai cin gashin kanta. Ya kawo labarin Hausa Bakwai yadda aka ba shi, har da rabon aikin da aka ce an yi wa 'ya'yan Bawo: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir ta yaƙi, Zazzau ta samar da bayi.

Yaya masanin tarihi zai yi da irin wannan? Mutumin Dawaki ko Rurum ko Kibiya da ya taso yana jin ana kiran Sarkin Rano Autan Bawo zai so a ce masa ga hujja, har Bature ya rubuta. Sai dai rubutun Barth bai tabbatar da cewa an yi wani mutum Bawo da ya haifi 'ya'ya ya raba musu garuruwa ba, domin wanda ya ba shi labarin ma bai ga Bawo ba. Abubuwan da ya tabbatar ƙanana ne, amma masu ƙarfi. Na farko, a 1851 ana ba da wannan labari a Katsina da Kano, shekara 52 kafin sojojin Ingila su shiga Kano, don haka ba 'yan mulkin mallaka suka ƙirƙiro shi ba. Na biyu, mutanen wancan zamani idan an ce Rano, baba da marina ke zuwa musu a rai. Wannan kuwa abu ne da za a iya bi a gwada, a nemi tsofaffin karofi, a tambayi zuriyar marina, a duba takardun haraji. Aikin ya fi karkata ga rage magana zuwa iyakar abin da shaida za ta iya ɗauka, shi ya sa masanin tarihi ba ya cika farin jini a fada.

Akwai wani misali da ya fi wannan daɗi. Tun a 1812 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo zancen Bawo a Infaƙul Maisuri, inda aka ce bawan Sarkin Borno ne, kuma daga gare shi sarakunan Katsina da Kano da Zazzau da Daura da Rano da Biram suka fito, amma Gobirawa 'ya'ya ne. Barth ya karanta, ya ce bai kamata a ba maganar nauyi ba, ya ɗauka raini ne kawai ga Hausawa. A ganina ya yi gaggawa. Bello malami ne mai kiyaye ruwaya, kuma ya ambaci wanda ya ba shi labarin, Muhammadu al-Baƙiri, Sarkin Agadas. Da zarar ka san haka tambayar ta sauya. Ruwaya ce ta mutanen Abzin, ƙasar da Gobirawa ke cewa daga can suka taso, kuma ita ce ta ware Gobir ta ɗaukaka ta. Ba sai an zargi kowa da ƙarya ba. Saboda Bello ya faɗi majiyarsa, mu da muka zo bayan shekara ɗari biyu muna iya auna maganar da kanmu.

Barth ma ya yi kurakurai, kuma mafi shahara a Gwandu ya yi shi. A 1853, bayan ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba kusa da Wurno, ya kuma sadu da Abdulƙadir ɗan Tafa wanda ya yaba wa iliminsa matuƙa, sai a Gwandu wani malami ya ara masa wani littafi mai kauri na tarihin Songhai. Kwanaki kaɗan ya samu, ya yi ta kwafar abin da zai iya cikin sauri, ya aika Jamus aka buga a 1855. Littafin shi ne Tarikhus Sudan, kuma ta hanyar Barth Turai ta fara sanin jerin sarakunan Songhai da shekarunsu. Amma ya ce Ahmad Baba na Tambutu ne marubucin, domin haka aka gaya masa. Ahmad Baba ya rasu a 1627, littafin kuwa ya ci gaba da ba da labari har wajen 1655. Da aka sami cikakken kwafi Octave Houdas ya buga Larabcin a Faris a 1898, sai ta bayyana cewa Abdurrahman as-Sa'adi ne ya rubuta. An iya gyara kuskuren ne saboda Barth ya faɗi inda ya ga littafin da abin da ya kwafa daga ciki. Wanda ya ce kawai "tarihi ya nuna" babu mai iya gyara shi, babu kuma dalilin yarda da shi.

A Kukawa ya yi sa'a fiye da haka. Ya sami Diwani, jerin sarakunan Kanem da Borno da shekarun mulkin kowa, da kuma littattafan Imam Ahmad ɗan Furtuwa a kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma. Bai karɓi jerin haka nan ba, sai ya nemi wuraren da marubutan waje suka ambaci wani sarki daga ciki, kamar yadda Ibn Baɗuɗa ya ambaci Sarkin Borno Idris a 1353, ya ga lissafin ya yi daidai ko ya kusa. Wani Bajamushen, Dierk Lange, ya sake tace Diwanin ya buga a 1977.

Wannan dabara ta jerin sarakuna tana buƙatar a tsaya a kanta, domin daga ita ne shekarun da muke haddacewa a makaranta suka fito. Littafin nan na Tarihin Kano, wanda Barth bai gani ba, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, aka kuma sa Hausarsa a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Sarkin Kano Muhammadu Bello, yana faɗin shekarun da kowa ya yi a kan gado. Bai ce Bagauda ya hau a shekara kaza ba. Lissafi aka yi da baya. An san lokacin Bello, sai a ɗebe shekarun wanda ya gada, a ɗebe na wanda ke gabansa, a yi ta ɗebewa har aka dire a 999. Haka aka sami 1349 zuwa 1385 ga Yaji, da 1463 zuwa 1499 ga Rumfa.

Ka ga inda matsala take. Idan mai kwafi ya tsallake sarki ɗaya, ko ya rubuta bakwai a wurin tara, duk wanda ke sama da shi ya goce. Ga kuma bambancin shekarar wata da ta rana, wanda a kowace shekara ɗari yakan kai uku. Shi ya sa ake neman turke daga waje. Na Rumfa ya samu, domin an san daga wasu littattafan cewa Shehu Magili ya zo Kano wajen 1492, ya kuwa faɗo cikin zamanin da lissafin ya ba Rumfa. Daga Rumfa zuwa ƙasa ana tafiya da ƙwarin gwiwa. Daga shi zuwa sama ƙafa na ƙara nutsewa, har a zo 999 wadda bai kamata kowa ya rantse a kanta ba. Masana ma ba su daidaita a kan lokacin da aka rubuta littafin ba. M. G. Smith na ganin an yi ta tara shi ne zamani bayan zamani, wasu kuwa sun kafa hujja cewa a shekarun 1880 aka haɗa shi a fadar Kano.

Wannan ya shafi Rano kai tsaye. Littafin ya ce Yaji ya kori Sarkin Rano, ya kuma zauna a yankin wasu shekaru. Magana ce mai amfani, domin ta nuna akwai sarauta a Rano wadda sai da Kano ta yi da gaske kafin ta rinjaye ta. Amma muryar fadar Kano ce. Kudu ba ta fitowa a ciki sai in Sarkin Kano ya je yaƙi ko ya gudo, kamar yadda Alwali ya ƙare a Burum-Burum wajen 1807. Abin da mutanen Rano suka ce game da zuwan Yaji, da wanda ya yi noma da wanda ya yi rini a tsakanin yaƙi da yaƙi, ba aikin marubucin fada ba ne ya rubuta.

Mu koma ga tafiyar Barth. Richardson ya mutu a 1851, Overweg a 1852, Barth kaɗai ya koma, ya isa Landan a Satumbar 1855. Ya fitar da littafin tafiyarsa mujalladi biyar a 1857 da 1858, da Turanci da Jamusanci, shafi wajen 3,500, cike da jadawalin sarakuna da sunayen zango zango da kalmomin harsuna. Masu karatu a Ingila suka ga ya yi musu nauyi, suka rungumi littafin Livingstone da ya fito a 1857. A Berlin kuwa, jami'ar da Hegel ya koyar cewa Afirka ba ta da tarihi, ga mutum ya dawo da jerin sarakuna na shekaru ɗaruruwa daga littattafan da 'yan Afirka suka rubuta da hannunsu. Bai sami kujerar da yake buri ba. Sai a 1863 aka ba shi farfesa mai daraja ta biyu a fannin labarin ƙasa, ya mutu ranar 25 ga Nuwamban 1865 yana da shekara 44.

Daga nan shi ma ya zama abin bincike, kuma a nan za a ga yadda rubuta tarihin rayuwar mutum yake. Wanda ya fara rubuta nasa da cika shi ne mijin 'yar'uwarsa, Gustav von Schubert, a 1897. Yana da abin da babu mai shi, wato wasiƙun gida da sanin mutumin ido da ido. Yana kuma da ciwon da duk dangi ke da shi, son a ga nasu da haske. A 2021 Christoph Marx, farfesan tarihi a Jami'ar Duisburg-Essen, wanda ya riga ya rubuta tarihin Robert Mugabe da na Hendrik Verwoerd, ya fitar da sabon tarihin Barth bisa wasiƙunsa. Amfanin wasiƙa shi ne an rubuta ta a ranar da abin ke faruwa, kafin mutum ya san yadda za ta kaya. Littafin da aka buga kuwa an rubuta shi ne bayan an dawo gida, an san wanda ake so a faranta wa. Marubucin tarihin rayuwa yakan ɗora su gefe da gefe, inda suka saɓa nan ne aikinsa yake.

Kuma dole ya faɗi abin da ba daɗi. Barth ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851, ya ga kamun bayi da kisan gilla da idonsa, ya rubuta da ƙyama, amma dai ya bi su. A hanyar Tambutu ya ɓoye addininsa ya yi shigar sharifi don ya tsira. Mai saurin fushi ne da zargi. Takardun ciniki da ya karɓo a madadin Ingila yake karɓarsu, kuma jami'an da suka zo da bindiga bayan shekara hamsin sun karanta littafinsa sun amfana. Tarihin rayuwar da ya tsallake waɗannan ya koma kirari. Mu ma muna da wannan cuta, yawancin littattafan da ake ƙaddamarwa a manyan ɗakunan taro, a tara miliyoyi, in ka karanta ba za ka tarar mai littafin ya taɓa yin kuskure ko sau ɗaya ba tun daga haihuwa.

Alhali gadonmu ya fi haka. Ahmad Baba ɗin nan ya tara tarihin malaman Malikiyya a Nailul Ibtihaji, yana faɗin malaman kowa da littattafansa da shekarar rasuwarsa, kuma ta nan muka san Makhluf al-Bilbali ya koyar a Kano da Katsina. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta Raudul Jinani a kan Shehu Usmanu, a matsayin wanda ya zauna da shi. Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta Taƙyidul Akhbari a kan jihadi a ƙasar Kano. Kowannensu na da ɓangaren da yake tsaye, kuma sanin ɓangaren shi ne mabuɗin karanta shi.

Akwai kuma wanda ya ga tafiyar Barth daga bayan raƙumi. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, Overweg ya 'yanta shi, Barth ya tafi da shi Turai tare da wani yaro mai suna Abbega. A Ingila ya zauna da wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A wurin Dorugu za ka ji yadda kamun bauta yake ga yaron da aka kama, za ka kuma ga Turawa ta idon Bahaushe, da cin abincinsu da sanyin ƙasarsu. Ya dawo gida, ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa, ya rasu a Kano a 1912. Haka Baba ta Karo, wadda ta yi ƙuruciyarta a Zarewa, ta ba Mary Smith labarinta aka buga a 1954. Babu sarki ko ɗaya da ya bar mana bayanin aure da goyo da zaman rinji kamar wannan tsohuwa.

Da jami'o'inmu suka kafu sai ma'aunin ya juyo kan Barth kansa. Abdullahi Smith ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya tura ɗalibai su tattaro rubuce-rubucen Larabci da ajami, su zauna da tsofaffi. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, wanda ya yi digirinsa na dakta a kan Katsina, ya rubuta maƙala sukutum a kan zaman Barth a Katsina. Ya yi masa tambayoyin nan na Berlin, wa ya gaya masa, da wa ya zauna, da wane tunani ya zo. Ya nuna cewa Barth ya zo da ɗabi'ar Turawan zamaninsa ta rarraba mutane bisa launi da ƙabila, har ya riƙa ganin Fulani da Haɓe a inda rigimar ta sarauta ce ko ta dukiya ko ta malamai. Bai ce a jefar da littafin ba. Cewa ya yi a karanta shi da ido biyu, kuma ina ganin wannan ita ce girmamawar da ta dace da malami.

Yanzu a ce ɗalibi daga Dawaki yana son rubuta tarihin garinsu, ko na wani malami ko maƙeri ko ungozoma da aka yi a can. Barth ba zai ba shi fiye da layi kaɗan ba, Tarihin Kano ma haka. Zai je Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna ya nemi rahotannin da jami'an Ingila suka rubuta a kan gundumar Rano, zai sami yawan mutane da gonaki da shanu da masu sana'a. Sai ya tuna don haraji da jangali aka yi ƙidayar, ta bakin tafinta, kuma babu makiyayin da ke nuna wa mai karɓar jangali duk garkensa. Adadin da ke ciki ƙasa yake da gaskiya, amma jerin sana'o'in da sunayen ƙauyukan abin dogaro ne. Zai je wurin masu sarauta a ba shi jerin dagatai, sai ya tuna jerin sarauta makami ne a rigimar gado, balle tun daga 2019 da aka ɗaga darajar masarautar Rano, aka rushe a 2024, aka sake dawo da ita a daraja ta biyu a shekarar. Ya nemi jerin daga gidan da ke kan mulki, ya kuma nema daga gidan da aka tsallake.

Sauran yana hannun mutanen da ba a cika tambaya ba. Harin Ningawa da ya addabi kudancin Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi ya bar alama a ganuwoyi da kufai da labarin kakannin da aka kama ko suka hau dutse. Tsofaffin mata sun san wace zuriya ta zo daga ina, domin su ke riƙe da lissafin aure. A cikin gafakar malamai akwai wasiƙu da takardun gado da ƙarshen littattafai inda mai kwafi kan rubuta sunansa da na malaminsa da shekarar da ya gama. Lokaci kuma na tafiya, ko wanda ya ga zuwan madatsar Tiga a shekarun 1970 yana da wayo, yau ya haura sittin.

Roƙona ga duk wanda zai yi wannan aiki, ko ɗalibin jami'a ne ko malamin firamare mai waya a hannu: in ka zauna da tsoho, ka rubuta sunansa da shekarunsa da unguwarsu da ranar da kuka yi hirar, ka tambaye shi ko gani ya yi ko ji, in ji ya yi daga wa. In ka ɗauki hoton takarda, ka rubuta gidan da take, ka mayar wa masu ita. Sannan ka kai kwafi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ko sashen tarihi na Jami'ar Bayero, kada ya ƙare a wayarka.